Ranar da Rediyo Ya Yi Mana Jawabi

A masana'antar ɗinkin da nake aiki Rediyo muke ce masa, kuma ya sani, ko a jikinsa. Ƙanen shugabar ɓangarenmu ne, wadda duk muke kira Yaya. Tun yana firamare babansu yake ɗora shi kan kujera a falo ya yi wa baƙi jawabi, ita kuwa a ce ta ajiye ruwa ta fita. Haka suka taso.

Ita ta samo masa aiki a wurin, a ɗakin ajiya. Har yau bai iya zura zare a allura ba, amma ya iya tsayawa gaban jama'a, sai ga shi a bene da kwat, ya zama bakin kamfani.

Da muka ji za a rufe ɓangarenmu a ba wasu 'yan kwangila ɗinkin, muka ce Yaya za ta yi magana a madadinmu, don ta fi kowa daɗewa. Abin da za ta roƙa ɗaya ne: a bar mu zuwa ƙarshen shekara, mu nuna za mu fi su sauri. Sati guda tana bitar maganar a bakin keken ɗinki, leɓe na motsi, ƙafa na taka feda.

Aka tara mu a ɗakin cin abinci. Manaja ya zauna, Rediyo ya miƙe. Bai ce kora ba ko sau ɗaya. Ya ce sabon babi, ya ce hutu bayan wahala, ya kira sunayen tsofaffin ma'aikatanmu ɗaya bayan ɗaya yana dafa ƙirji. Muryar nan ta sauka, ta ɗan yi rawa daidai inda ya so. Wallahi muka tafa. Ni ma na tafa, kuma har gobe ina jin haushin hannuwana.

"Akwai mai magana?" in ji shi.

Muka tura Yaya. Ya miƙa mata makirfo da hannu biyu, har da rusunawa. Ta karɓa, ta riƙe shi a ƙirji. Ya ɗaga mata shi zuwa baki. Numfashinta ya cika lasifika.

"Ni dai… wato mu…"

Wani a baya ya yi tari. Ta dubi Manaja, ta dubi ƙasa. Gumi ya jiƙa bakin ɗankwalinta. Rediyo ya san daga ina shirun nan ya fito, a gabansa aka koya mata shi. Da ya so, da tambaya ɗaya zai jawo maganar daga bakinta. Sai ya tsaya yana murmushi, ya bar ta ta soyu sosai, sannan ya zare makirfon.

"Bar shi, Yaya, mun gane. Jama'a, kun ga yadda godiya take hana mutum magana."

Manaja ya gyaɗa kai ya duba agogo. Taro ya tashi.

A bakin get, muna miƙa wa maigadi katin shiga, Yaya ta kama hannuna ta faɗi jawabin da ta shirya kaf, tiryan-tiryan, ba gargada ko ɗaya. Yana da kyau ƙwarai, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Ya yi?" ta tambaye ni.

Kafin in amsa maigadi ya daka mana tsawa, wai mu matsa, motar ƙanenta za ta fita.