Hannun Rigar Sista

Gwaggo tana sunkuye tana cire takalmi a ƙofar falon ƙanenta ta hango hannun rigar. Fuskar mai rigar ma ba ta gani ba tukuna, amma tela ba ta jiran fuska kafin ta gane ɗinkinta. Shuɗin yadi ne mai duhu, hannun ya tsaya taƙi guda kafin wuyan hannu, mai shi kuma tana ta jan sa ƙasa da yatsu biyu. Sista ce, malamar asibitin da ta shekara goma sha biyu tana kai wa Gwaggo ɗinki, ga ta zaune daram a kujerar da ke fuskantar teburin kyaututtuka.

Gwaggo ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Kwalin da ta zo da shi ya bar hannunta tun a bakin get, domin Auta, 'yar ƙanen nata da ke cika shekara shida a ranar, ta fizge shi ta ruga ciki tana shelar cewa kayan 'yar tsana sun iso. Ga shi can a kan tebur, kwalin takalmi ne da aka naɗe da takarda mai furanni, ya maƙale tsakanin wata jar jaka mai taya da akwatin kayan wasa. A cikinsa akwai rigar 'yar tsana, kuma daga yadin da ke jikin Sista aka yanke ta.

Ɗinka wa 'yan tsana kaya ya zama wa Gwaggo aikin kowace shekara. Tun yayyen Auta suna ƙanana, duk wadda ranar haihuwarta ta zagayo sai ta samu riga ko siket na 'yar tsanarta, da maɓallai ƙanana kamar ƙwayar gero, da kalmasa ta hannu wadda ko rigar babba ba ta samun irinta. Daga ƙyallayen shago take haɗa su. Ƙa'idar teloli kuwa sananniya ce ko da ba a rubuta ta ba: a fara fitar wa mai yadi abin da ya ce a yi masa, abin da almakashi ya zubar a ƙasa bayan nan na tela ne. Da wannan ƙa'ida Gwaggo ta tsufa a sana'ar, har tana gori da ita a gaban sauran telolin layinsu.

Bara ce ta ɓata mata lissafi. Ta haɗa wa 'yar tsanar Auta riga da ƙyalle kala uku, wata ƙawar Auta mai bakin tsiya ta ce 'yar tsanar ta yi kama da wadda ta sa labule, iyayen yara suka yi dariya, matar ƙanenta ma ta taya su kaɗan kafin ta tuna ta gimtse. Gwaggo ta yi dariyar ita ma, amma abin ya zauna mata a rai shekara guda cur.

Ana saura mako uku bikin bana Sista ta shigo shago da yadin. Ɗanta ne ya aiko mata da shi da albashinsa na farko, tana faɗa tana shafa shi. Gefe ɗaya na yadin yana da jerin ƙananan tsuntsaye masu ruwan zinariya, Sista ta ce a sa mata su a ƙasan riga da bakin hannu. Dogon hannu kuwa ba sai ta faɗa ba. Tana da tabon ƙuna daga wuyan hannun hagu zuwa kusan gwiwar hannu, tun wani ruwan zafi da ya zube mata a wurin aiki, kuma a shekara goma sha biyu Gwaggo ba ta taɓa yi mata rigar da ta bar tabon a waje ba.

Da Sista ta tafi, Gwaggo ta shimfiɗa yadin a kan tebur. Tsuntsayen nan daidai jikin 'yar tsana suke, kamar don ita aka zana su. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce wa kanta zai isa, alhali tef ɗin da ke hannunta yana nuna mata ba haka ba. Sai ta tura ƙofar shago, ta fara yanke kamu ɗaya daga gefen tsuntsayen ta jefa a durowa, sannan ta zana rigar Sista da alli a kan abin da ya rage. Bai isa ba. Ranar karɓa ta ce wa Sista yadin ne bai cika ba, wataƙila an cuci yaron a awo. Sista ta gwada rigar, ta dubi hannunta, sannan ta ce ba komai, yaro ne, ina ya san sayen yadi.

"A'a, telata, me ya kawo ki nan?" in ji Sista daga kujerar falon.

Matar ƙanen Gwaggo ta yi caraf ta ce ai yayar maigidan ce, Gwaggon su Auta. Jikar Sista kuma ajinsu ɗaya da Auta, ita ta rako. Aka yi ta mamakin yadda duniya ba ta da faɗi. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi aiki, ta tambayi yara, duk idonta a kan kafet. Sista ta buɗe hannuwa ta nuna wa matan da ke wurin rigar, ta ce su ga aikin wannan baiwar Allah, yau ta fara sa ta. Tana sauke hannu ta sake jan na hagun.

Daga nan Gwaggo ba ta da wani buri a duniya sai ta raba kwalin da teburin. Ta ce bari ta gyara jerin kayan kada su zube, matar ƙanenta ta zaunar da ita ta ce yau ita baƙuwa ce. Ta kira Auta gefe ta raɗa mata cewa akwai maɓallin da ta manta ba ta ɗinka ba, ta kawo kwalin a gyara gobe. Auta ta dube ta sama da ƙasa ta ce ita ba ruwanta da maɓalli. Har ƙanenta ta tare a hanyar kicin, yana ɗauke da katan ɗin lemo, ta ce masa a bar buɗe kyaututtuka sai baƙi sun watse, ya fi mutunci.

"Yaya ke nan," ya ce yana dariya. "Har yanzu kunyar ɗinkinki kike ji? Ai naki Auta ta fi so duk cikinsu."

Aka kunna kyandirori shida, aka hure, aka yanka kek. An miƙo wa Gwaggo nata a faranti, ta riƙe shi a cinya har ya fara narkewa. Ta yi tunanin ta ce kanta na ciwo ta tafi gida, amma ta san tafiyar ba za ta hana a buɗe kwalin ba, sai dai a buɗe shi a bayan idonta. Ta zauna tana jin zufa na bin bayanta, ga fanka tana juyawa a kanta.

Auta ba ta bi layi ba. Ta ture jakar da akwatin ta jawo kwalin Gwaggo, ta yage takardar, ta ɗaga rigar sama. Kai, rigar ta yi kyau, wannan ko maƙiyin Gwaggo ba zai musa ba. Tattara a ƙugu, shafi a ciki, tsuntsaye sun zagaye ƙasanta, ga dogon hannu har wuyan hannu, kowane da tsuntsu ɗaya a bakinsa. Yara suka taru a kanta. Kafin a ce me, an tuɓe wa 'yar tsana tsohuwar rigarta an zura mata sabuwa.

Jikar Sista ce ta fara lura. Ta ce, "Kaka, irin rigarki ce. Amma tata ta fi taki dogon hannu."

Falon ya ɗauki dariya. Auta ta kawo 'yar tsanar ta ɗora a cinyar Sista don a gwada. Sista ta ɗauke ta, ta juya ta, ta ɗaga bakin rigar ta duba kalmasar, ta kama ɗan hannun da yatsu ta daɗe tana kallon tsuntsun da ke bakinsa. Gwaggo tana ganin lokacin da ta gane. Ba ta ɗaure fuska ba, murmushin ne kawai ya tsaya a inda yake bai ƙara gaba ba. Matar ƙanen Gwaggo, wadda ba ta san dawan garin ba, ta tambaya ko tare suka sayi yadin.

"Yadina ne," in ji Sista. "Ni na ce ta fitar wa yarinya a ciki."

Nan fa aka hau yi mata godiya. Ƙanen Gwaggo ya ce Allah ya saka, matarsa ta ce wannan karamci har ina, aka sa Auta ta durƙusa ta gode. Sista tana amsawa da ba komai, ba komai. Da ta tashi ta kira Gwaggo ɓarauniya a gaban mutane, da Gwaggo ta san inda za ta sa kanta. Wannan rufin asirin kuwa ya fi mari zafi. Ta ajiye farantin kek a ƙasan kujera ta sulale kicin, ta hau wanke kofunan da ba wanda ya sa ta.

Tana kan na bakwai Sista ta shigo wanke hannu. Gwaggo ta matsa mata. Sista ta naɗe hannun rigar, wanda ba ya buƙatar naɗewa sosai, ta cuɗa sabulu a tsanake irin na mutanen asibiti, har tsakanin yatsu. Tabon yana fili, fatar wurin a tattare tana ƙyalli. Ba ta dubi Gwaggo ba ta yi tambayar.

"Kafin ki yanka tawa kika cire, ko bayan kin gama?"

Ƙofa ce ta buɗe mata, Gwaggo ta sani. In ta ce bayan, ƙyalle ne, kowane tela yana yi, sai a bar maganar a kan kuskuren awo. Ta dubi kofin da ke hannunta.

"Kafin," ta ce.

Sista ta gyaɗa kai ta kashe famfo. Ta ce ranar da ta karɓi rigar ta kira yaron a waya ta yi masa tsiya, ta ce ya bari an cuce shi kamar baƙo, shi kuma ya yi ta ba ta haƙuri, ya ce in ya samu hali zai aiko wani. Ta faɗi wannan ba da faɗa ba, tana goge hannu da tawul. Gwaggo ta ce a yafe mata, sharrin zuciya ne. Ta ce za ta karɓi rigar 'yar tsanar ta warware, ta ƙara a hannun, ba wanda zai ga haɗin.

"Ki tuɓe wa yarinya kyautarta ranar haihuwarta?" in ji Sista. "Bar mata abinta."

Ta sauke hannun rigar iya inda ya tsaya, ta koma falo.

Da yamma ta yi aka fara watsewa, Gwaggo ta fito don ta lallaɓa ta tafi, sai ta tarar mata sun cika ƙofa suna neman takalma, kuma ita ake jira. Wannan tana son a yi wa 'yarta da 'yar tsanarta iri ɗaya, waccan tana da tagwaye ranar haihuwarsu wata mai zuwa, wata ta riga ta ciro waya tana neman lamba. Matar ƙanenta sai washe baki take tana cewa ai Gwaggonsu ba daga nan ba. Gwaggo tana karanto lambar tana kuskurewa, sai da ta maimaita sau uku.

Wata doguwa mai tabarau, wadda ta ce tana da leshi mai tsada da ta kasa ba kowa, ta juya wajen Sista. Ta ce tunda ita ce ta daɗe da telar, ta gaya mata tsakani da Allah, za a iya sakin jiki a bar mata yadi?

Sista tana sunkuye tana ɗaura wa jikarta igiyar takalmi. Ta gama ɗaya, ta gama ɗayan, ta miƙe ta gyara jakarta a kafaɗa. Gwaggo tana tsaye taku biyu daga wurin.

"Ɗinkinta yana da kyau," in ji Sista.

Ta kama hannun jikarta suka fita. Mai tabarau ta ce to madalla, ta juyo ta tambayi Gwaggo ƙarfe nawa take buɗe shago.