Hawan Muƙaɗɗam a Bayan Bakri

Duk ɗaliban Arewa da ke zaune a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira sun san Kamilu da abu biyu, ƙyanƙyami da keke. Mutum ne da in ka yi atishawa a ɗaki sai ya tashi ya wangale taga, ko da sanyi na neman kashe mutane. Keken kuwa na hannu ya saya wajen wani Bamisire, amma a ɗaki yake kwana, kusa da katifarsa, kullum a goge tas.

Ɗan Gumel ne, ƙasar da za ka tsaya a bakin gari ka hango baƙo tun yana ɗigo. Bai taɓa hawa dutse ba. Sai ya ji labarin Oga Jesse, wani ma'aikacin ofishin jakadanci ɗan Jos, da ke haɗa 'yan keke duk shekara su tafi Sina'i su ratsa mashigan duwatsun nan masu tsawo, wani wuri a kan keke, wani wuri a saɓa shi a kafaɗa a taka da ƙafa, har gindin Ɗuri Sina. Abin ya shiga ran Kamilu ya zauna daram. Bana kuma yake gama karatu. In bai je yanzu ba shi ke nan, sai dai ya koma gida yana ba yara labarin dutsen da ya yi shekaru kusa da shi bai taɓa gani ba.

To ga matsalar. Wuri ɗaya ya rage a motar da za ta kwashi mutane da kekunansu, masu nema kuma biyu ne, shi da Abakar, mutumin Damagaram, abokin ɗakinsa, wanda shi Kamilun ne ma ya jawo shi harkar.

Oga Jesse bai son dogon turanci. Ya tara su ranar Juma'a da sassafe a gindin tudun Muƙaɗɗam, lokacin da Alƙahira ba ta gama farkawa ba.

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Bakri zai ja gaba ya tare muku iska. Ku liƙe masa, taya bayan taya. Wanda ya bari rata ta buɗe, ko ya sa ƙafa a ƙasa, khalas, ba shi ba tafiya. Ni ina can sama ina jiran ku."

Ya shiga motarsa ya wuce.

Bakri Bahaushen Sudan ne, ƙato, bayansa kamar ƙyauren zaure. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu. Sai dai a ranar nan mura ce ta kama shi hannu bibbiyu, ido jawur, murya a shaƙe, yana ta jan hanci tun kafin a hau. Kamilu ya dube shi, ya yamutsa fuska, amma ya yi wuf ya shige bayansa, ya bar Abakar a ƙarshe.

"Yalla, samari," in ji Bakri.

Da farko lafiya lau. Tudu ya fara miƙewa, iska tana dukan Bakri tana kauce wa na baya, Kamilu har yana jin daɗi. Kwana ta farko suna shan ta, Bakri ya saki hannu ɗaya, ya danne ƙofar hanci guda da yatsa, ya karkata kai, fyat! Iska kuwa ba ta yi wata-wata ba ta kwaso ta kawo wa Kamilu a goshi.

Innalillahi! Ɗumi gare ta. Wannan ɗumin ne ya fi komai tayar masa da zuciya. Ya ji tana gangarowa a hankali ta gefen gira, ba halin goge ta, don sakin hannu a wannan hawa sai wanda ya ƙware.

"Ma'alish!" Bakri ya faɗa ba tare da ya waiwayo ba, ya koma ɗaya ƙofar hancin.

Tir! Wannan a kumatu ta sauka. Kamilu ɗalibin fiƙihu ne, ya sani sarai majina ba najasa ba ce, ya haddace babin, ya sha amsa tambaya a kai. Ya jawo wannan ilmi ya ɗora a zuciyarsa ko za ta lafa, ta ce ba ta san zance ba. Ya rufe baki gam, numfashi ya ƙi isa. Ya buɗe, sai ga Bakri ya kakaro kaki daga can ƙasan ƙirji, da wani sauti kamar ana jan buhu a kan siminti, ya tofar gefe. Yayyafin ya taɓa leɓen Kamilu, gishiri-gishiri. Wallahi da a ƙasa yake da ya zagi Bakri, ya zagi keke, ya zagi wanda ya ƙirƙiro wannan wasan ƙazanta. Yatsunsa suka kai kan birki. Ya tuna duwatsun Sina'i, ya ɗauke su, ya ƙara matsawa jikin tayar ƙazamin.

A bayansa yana jin hakin Abakar, kusa ƙwarai. Ɗan banzan bai gaji ba.

Ana cikin haka sanyin safiya ya yi aikinsa. Hancin Kamilu, shi Kamilu mai tsabta, ya cika fal. Ya ja, ya ƙi jawuwa. Ga tudu ya miƙe tsaye a hawa na ƙarshe, ƙirji na zafi, ido na ganin duhu-duhu, tayar Bakri ta fara nisa da ɗan taki. Hankicinsa yana aljihun baya, a ninke, ya sha guga, amma kafin ya laluba shi ya ciro an gama da shi. Ya san wanda ke bayansa. Ya san inda iska take kai kaya, ai yanzu ya gama karɓar nasa rabon. Ya ciji leɓe, ya saki hannu, ya danne hanci, ya fyace da iyakar ƙarfinsa.

"Wayyo!"

Sai ƙarar ƙarfe, sai takalmi ya daki kwalta. Kamilu bai waiwaya ba. Iska ta shiga ƙirjinsa wasai, ya danna feda ya cim ma Bakri, suka ƙarasa sama tare.

Oga Jesse na jingine da mota. Ya leƙa bayansu bai ga kowa ba, ya dafa kafaɗar Kamilu, ya kalli fuskarsa ya yi dariya.

"Ka sha wanka, Ustaz. Tamam, kai ne za ka. Ka fara haɗa kaya."

Ga Alƙahira shimfiɗe a ƙasa cikin hayaƙinta, hasumiyoyi sun tsattsaya, abin da Kamilu ya daɗe yana son gani daga sama. Ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya zazzage gorar ruwansa a fuska yana dirzawa har fatar ta yi zafi, amma ƙyamar da yake ji yanzu ba a fuskar take ba.

Can sai ga Abakar yana turo keke, gwiwa a kurje, ido ɗaya jawur yana hawaye, yana goge shi da gefen riga. Ya ji hukuncin da aka yanke. Sannan ya zo ya rungume Kamilu, da gaske, har da bubbuga baya.

"Mabruk, mutumina. Ka cancanta." Ya rage murya, ya nuna Bakri da haɓa, wanda ke can gefe yana tari. "Amma wannan bawan Allah ƙazami ne na ƙarshe. Ka ga, har ni da ke can baya sai da ya cika mini ido. Kai da kake daf da shi ban san yadda ka jure ba."

Kamilu ya dubi jan idon. Oga Jesse na nan tsaye, taku kaɗan, bai tada mota ba tukuna. Magana ɗaya ce, Kamilu ya faɗi gaskiya, a sake hawan mako mai zuwa.

"Ai kuwa," in ji Kamilu. "Ƙazami ne."