Ƙafar Wake-wake

"Riƙe ta da kyau mana! Kaza ce fa, ba kura ba," in ji Iya daga kan gado.

Ni kuwa sai na gyara riƙon kazar. Iya maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Duk kazar da ta fara ɗingishi a unguwa, wurinta ake kai ta. Yanzu ciwo ya kwantar da ita, ko kofi ba ta iya ɗagawa, ga kazarta wake-wake tafin ƙafa ya kumbura suntum, da baƙin ɓawo a tsakiya.

Ɗanta ya leƙo. "Iya, a yanka ta kawai a yi miki romo."

"Tsakinta bakwai kai za ka yi musu uwa? Fita ka ba mu wuri."

Na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri har ɓawon ya yi laushi, na ɓamɓare, na matsa. Wani farin abu ya fito kamar ƙwayar masara. Na shafa magani na naɗe da tsumma.

Washegari ina shiga ta ce, "Kin tamke da yawa."

"Iya, kina kwance ina kika gani?"

"Ji nake, jan ƙafar take yi. Taɓa yatsun."

Sun yi sanyi ƙalau. Kunya ta kama ni.

"Ratsa tsumman tsakanin yatsu, ki bar su a waje. Kullum sabo, kwana bakwai, ko ina nan ko ba na nan."

"Haba Iya, daina faɗin haka."

"Ke dai kwana bakwai."

Ran na biyar da hantsi Iya ta cika. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Gida ya cika da masu gaisuwa, sai na ji ƙanwarta tana cewa a kamo gurguwar nan a yi wa baƙi girki. Na riga kowa, na sungume ta cikin mayafina.

"Wallahi ba mai taɓa ta. Saura kwana biyu."

Suka ce na zautu. Ko a jikina.

Ran na bakwai na kwance tsumman, na ajiye kazar a tsakar gidan Iya. Ta ɗan tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ta sauke ɗayar a hankali ta taka. A bakin ƙofar ɗakin Iya, wadda aka rufe, ta fara tonon ƙasa, tsakin suka rugo.