Minti Biyun Direba

Da igiya aka jawo motar zuwa gareji, direba na riƙe da sitiyari kamar mai rakiyar gawa. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa maigidansa, ko madubi bai taɓa fasawa ba, amma yau ya san aikinsa na rawa.

Bakanike ya ɗaga bonet, ya zare wani bututu, ya zura yatsa ya fito da shi jage-jage da baƙin mai. Ya ce turbo, abin nan da ke cusa wa inji iska, ya tafi. Ya ce irin wannan mota dama haka halinta yake: ga shan baƙin mai, ga sarƙar inji mai ƙara da sassafe, ga famfon ruwa da ke tsagewa ba sallama. Amma turbo ba ya mutuwa da ƙuruciyarsa haka, sai in ana kashe mota da zafinta bayan doguwar tafiya.

Ai wannan karatun direba ne ya fara yin sa. Tun da aka sayo motar, in sun dawo daga tafiya, yakan bar inji yana aiki minti biyu, mai ya zagaya, ƙarfe ya huce, sannan ya kashe. Maigida kuwa, mutumin da ko taya bai taɓa canzawa ba, ya ce almubazzaranci ne, fetur ba ruwan rijiya ba ne. Ranar da direba ya so yin bayani, a gaban maigadi aka dizga shi, aka ce tuƙi aka ɗauke shi yi, ba koyarwa ba. Mai 'ya'ya biyar ba ya jayayya da mai ba shi abinci. Tun daga ranar, da sun tsaya sai ya murɗe makulli, zuciyarsa na ƙuna.

Yanzu ga maigidan nan tsaye, yana tattare riga kada ta taɓa ƙasa.

Bakanike ya tambaya, “To wa ke kashe ta da zafi?”

Direba ya saurara. Ya yi zaton ko kunyar ido za ta sa mutumin ya ce wani abu. Ina! Maigida ya nuna shi da haɓa, ya ce ga mai tuƙin nan.

Haƙurin shekara goma sha ɗaya ya ƙare. “Yallaɓai, ka ji tsoron Allah. Kai ka hana ni. Sau uku ina faɗa maka.”

Maigida ko gezau bai yi ba. “Kai ne direba ko ni? Ka san abin zai lalace, don me ka bi maganata?”

Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka. Direba ya dubi bakanike, shi kuwa ya duƙufa yana ta goge sifanar da ba ta da datti.

Maigida ya miƙa hannu, aka ba shi makulli. Ya ce gobe a aiko wani ya kwashi kayan direba a ɗakin maigadi.

Direba bai kai bakin ƙofa ba ya jiyo maigida ya rage murya yana tambayar bakanike.

“Ko ka san wani direba? Amma fa mai jin magana nake so.”