Jatau Mai Teku

Da Jatau ya dawo daga yaƙin Faransa, mutanen Dumega suka laƙaba masa Mai Teku, don jirgin ruwan soja ne ya kai shi ya maido shi. Daga nan suka yanke cewa ya fi kifi iyo. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai musa ba.

Wata damina tabki ya cika, ya bar bijimin mahaifinsa Gado a tsallake yana kuka.

"Ku kira mini ɗana!" in ji Gado. "Wanga ai ruwan alwala ne gare shi."

Jatau ya tuɓe takalman soja, ya shiga har gwiwa, ya tsaya cik.

"Mai Teku, sanyi ne?" wata tsohuwa ta tambaya.

Ya juyo, kai a sunkuye. "Baba, can ƙasan jirgi suka rufe mu, muna ta amai. Ban ga tekun ba."

Sai bijimin ya faɗa ruwa, ya yo iyo da kansa, ya wuce ta gefen Jatau. Gado ya kama igiyarsa, ya bi ta bayan gari don kunya.