Ranar Da Aka Mayar Da Inna Sivona Kan Dutse

Kowa a bakin tekunmu da abin da yake faɗa kan Dokta Teague. Matan kasuwa sun ce mutumin kirki ne, tun da shi ya kawo tankunan ruwa, shi ya sake wa asibiti rufi. Tsofaffin mayaƙan tawaye sun ce bai taɓa riƙe bindiga ba, amma ya fi soja ɗari yi musu illa. Fada, limamin cocinmu, ya ce a Canberra, babban birnin ƙasar su Dokta, manyan hafsoshi ne ke zama a gabansa kamar 'yan aji ɗaya. Perpetua kuwa, 'yar ƙauyen Tavoru, ba ta cewa komai. Ruwan tankinsa ma ba ta sha, rafi take zuwa da jarkarta.

Ni nake ɗauko shi a jirgin ruwana duk shekara. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya, kuma littafinsa ne mai kauri na farko da na kai ƙarshensa. Abin da ke ciki ba shi da wuya. Ya ce ɗan tawaye da gwazar mutanen ƙauye yake rayuwa, don haka kada a yi ta harbi a daji. A kwashe mutanen a kai su bakin teku, a ba su shinkafa da magani, yunwa za ta fito da mayaƙan. Shi a wurinsa tausayi ne. A lokacin rikici an bi shawararsa, aka sauko da mutanen Tavoru daga kan dutse. Sauro ya karɓe su. Inna Sivona, mahaifiyar Perpetua, wadda ƙasar Tavoru take tata kamar yadda ta gada a wurin uwarta, ta rasu a sansani, aka binne ta a yashin wasu.

Bana da ya sauka daga mota na ga ya rame. 'Yarsa ta riga ta gaya mini mantuwa ta fara cin sa. Muna tsakiyar ruwa, teku ta kwanta luf har ba a gane inda ta haɗu da sama, ya ce, "Kosmas, akwai maganar da nake zuwa da ita duk shekara. Sai in bar tanki, in koma da ita. Bana tsoro nake ji in buɗe baki in tarar ba ta nan."

Na rage gudun inji.

Zuwansa ya dace da ranar da za a mayar da ƙasusuwan Inna Sivona gida. An naɗe su a sabuwar tabarma, mata suka ɗauka. Dokta ya ce zai bi. Aloysius, ƙanen Perpetua, ya tofar da jan yawun buwai, irin goron da muke taunawa, ya ƙare masa kallo.

"Tsoho, da waɗannan ƙafafun kamar na zalɓe? In ka faɗi a hanya ba mu da tabarma ta biyu fa."

"Sai ku naɗe ni a ganyen ayaba," in ji Dokta.

"Ganyen ma na Yaya ne. Je ka roƙe ta."

Aka yi dariya. Perpetua ta gyara ɗaurin zanenta ta shige gaba.

Mun wuce gonakin koko, muka shiga inda itatuwa suke haɗa kai. Gajimare ya sauko ya zauna a kan hanya. Matan gaba suka zama inuwa, waƙarsu tana zuwa mana kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ina riƙe da hannun Dokta. Wani lokaci ya kira ni da sunana, wani lokaci da sunan wani kyaftin da ban sani ba. Ya nuna mini tsofaffin gonakin gwaza da daji ya haɗiye, ya ce yana ganin hayaƙin girki. Ni ma da na daɗe ina kallo sai na ji kamar ina gani.

A wata kwana ya fizge hannunsa. Ya tsaya tsakiyar hanya ya miƙe ƙirji, muryarsa ta koma ta mai shekara arba'in.

"Ina za ku? Ƙasa aka ce! Wa ya ce ku hau? Akwai shinkafa a ƙasa, akwai likita. Ku juya!"

Waƙa ta tsaya. Aloysius ya yunƙuro, na tare shi da kafaɗa. Perpetua ta fito daga cikin gajimaren a hankali, har ta zo gabansa.

"Mun sauka, Dokta," in ji ta. "Mun ci shinkafar. Ga Inna can a tabarma."

Ya dubi tabarmar, ya dubi hannayensa. Na ga shekarun suna dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunsa suna sauka. Daga nan na sake riƙe hannunsa, muka bi bayansu har muka isa.

Babu abin da ya rage a Tavoru sai duwatsun murhu da itatuwan kwakwa da suka yi tsawo babu mai hawa. An haƙa ramin kusa da na kakanninta. A wurinmu, kafin a rufe, duk wanda ya rako mamaci sai ya durƙusa ya faɗi abin da ke tsakaninsu da babbar murya, don kada mamacin ya kwanta da saura. Wata ta ce ta ari tukunyarta ba ta mayar ba. Aloysius ya ce ya gudu daji ya bar ta, ya yi kuka kamar yaro.

Saura Dokta. Ya matso bakin ramin ya tsaya, leɓunansa suna motsi. Ya waiwayo ya dube ni, idonsa fari fat, irin na wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi.

"Kosmas, me muka zo yi?"

Na buɗe baki, Perpetua ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, Kosmas. Ba a ara wa mutum wannan."

Muka jira. Raɓa tana ɗiga daga ganye, wani tsuntsu yana ta kira can ƙasa. Gajimaren ya ɗan yaye, teku ta bayyana nesa, siririya, da farin yashin nan inda aka yi sansani. Dokta ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya kama hannuna, ya sauka kan gwiwoyinsa da ƙyar.

"Inna Sivona," ya ce, kowa ya ji. "Ni ne na ce a sauko da ke. Ban san sunanki ba, ban tambaya ba. Na raba ki da ƙasarki, kika mutu a ta wasu. Ki yafe mini. Perpetua, ki yafe mini."