Ranar da Aka Yarda da Baba Mato

"Gaskiyarka, Mato," in ji Malam Attahiru. "Ustaz namiji na. Babu awa shi cikin 'yan siyasa."

Saura kaɗan jabana, 'yar butar gahawa, ta suɓuce daga hannuna. Shekara da shekaru ina zuba wa tsofaffin nan biyu gahawa a gindin dogon yaron da ya raba gidanmu da na Baba Mato a Mai Wurno, ban taɓa jin bakinsu ya zo ɗaya a kan Ustaz Abdulwahab ba. Shugaban wata ƙaramar jam'iyya ne, bakinsa ba ya shiru a rediyo. Baba Mato yakan ce shi kaɗai ke faɗa wa gwamnati gaskiya ido da ido. Malam Attahiru kuwa sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Kalam sakit, zancen banza! Ihunai ya taɓa kwashe laka cebur guda daga hanyar ruwan gonakinmu?" Haka suke yi har a kira azahar, su tafi masallaci suna riƙe da hannun juna.

Yanzu ga Baba Mato kwance a kan angarib, gadon nan na igiya, an dawo da shi daga asibitin Sinja, ya rame har ya ba ni tsoro. Ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Attahiru, mi likita yac ce maka?"

"Ba komi, ya zol, mutumina. Sauƙi na nan tahe."

"Hadizatu, ɗiyata, ɗauke finjalin ga." Baba Mato ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina shan gahawa, ko kunun Inna Raliya, matarsa, sai da lallashi. Masu dubiya suna ta zuwa, kowa ya yi masa sannu sai ya ƙara da yabon Ustaz don ya faranta masa. Shi ko sai ya ƙara juya musu baya. Abin ya ci mini rai, na tare Malam Attahiru a ƙofar gida.

"Malam, kun binne shi da ransa."

"Ƙaƙa zan yi gardama da mai ciwo, Hadizatu?" Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ita kaɗai ce maganin da ya rage masa."

Washegari da hantsi Malam ya shigo, ko zama bai yi ba ya buga sandarsa.

"Ka ji mutuminka jiya? Baki ɗai! Ko akuya ba ni ba shi kiwo, balle ƙasa!"

Angarib ya yi ƙara. Baba Mato ya juyo, idanunsa suna sheƙi.

"Kai mi kas sani? Da bai yi magana ba, wa ka tunawa da mu?"

"Tunawa ka shayar da dawa?"

"Hadizatu, zuba min! Yau sai na gyara wa tsohon ga zama."

Finjali uku ya sha, yana tari, yana dariya. Inna Raliya tana bayan ƙofa tana kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Bayan la'asar ya cika, gardamar ba ta ƙare ba.

Da aka tashi daga zaman makoki, Inna Raliya ta aika wa Malam Attahiru da rediyon marigayin. Kullum da hantsi yakan zo gindin dogon yaro ya kunna. Jiya Ustaz yana ta ɓaɓatu a kan zaɓe, Malam ya buga sanda ya ce, "Kalam sakit!" Sannan ya juya wajen tabarmar da ke gefensa, inda Baba Mato yakan zauna, yana jira, gahawarsa tana hucewa.